Dare shida ina farautar Fuluto

Na'urar hangen nesa da nake da ita ƙarama ce, shi kuwa Fuluto, ƙaramar duniyar nan da ke kewaya Rana can nesa, ya fi tauraro mafi dushewa da ido ke iya kamawa dushewa fiye da sau dubu. Da na tabbata leƙe ba zai kai ni ba, sai na ɗaura kyamara a bakin na'urar, na bi dabarar da Clyde Tombaugh ya gano shi da ita a Amurka a 1930: a ɗauki hoton wuri ɗaya a darare biyu, a gwada su, duk abin da ya gusa shi ake nema.

Daren farko na ga wani ɗigo ja-ja daf da inda Stellarium, manhajar taswirar sama, ta nuna Fuluto yake, na kwana cikin murna. Da gari ya waye na rufe bakin kyamarar na ɗauki duhu zalla, sai ga ɗigon nan daram a wurinsa. Ashe tabo ne a cikin kyamarar. Tun daga ranar ba na yarda da hoto sai na ɗauki na duhu na kwatanta.

Gajimare ya hana ni aiki kwana huɗu. A dare na shida sama ta washe, na sake ɗauka, na ɗora hotunan biyu a kwamfuta ina musanya su da sauri. Ɗaruruwan taurari tsaye cik, sai wani ɗan ɗigo kamar kan allura yana tsalle, ya je ya dawo. Na daɗe zaune ina kallonsa. Hasken nan ya yi kusan awa biyar yana tafe kafin ya iso, daga wata dunƙulalliyar ƙanƙara da dutse mai faɗin kilomita 2,377, wadda ko Wata ba ta kai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya na fahimce shi. Tsallen da na gani, yawancinsa ba tafiyar Fuluto ba ce, tamu ce. Shi shekara 248 yake yi kafin ya kewaye Rana, tun da aka gano shi ko rabin zagaye bai yi ba. Duniyarmu ce ke gudu, sai ya zama kamar yana ja da baya. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen Yuli, sa'ad da muke tsakaninsa da Rana.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a can. Bayan Naftun, duniya ta takwas daga Rana, akwai zoben Kuiper, cike da irinsa. Sai a 1992 David Jewitt da Jane Luu suka gano na farko bayan Fuluto da watansa, yanzu an san dubbai. Ƙanana kamar Arrokoth, wanda kumbon New Horizons ya gifta a ranar 1 ga Janairun 2019, sun fi ƙarfin kayan aikina nesa ba kusa ba. Makemake, wata ƙaramar duniya a wannan zoben, nake hari yanzu. Ya fi Fuluto dushewa wajen sau goma, don haka sai na tara hotuna masu yawa a dare ɗaya na haɗe su.