Na gwada manhajojin ɗaukar imej ɗin kwamfuta, ga inda na tsaya

Jama'a, kwafin fayil zuwa estanal (had-dis ɗin waje da ake jonawa) daban, ɗaukar imej daban, kuma mutane da yawa suna haɗa su. In ka kwafe hotunanka da takardunka ka ajiye, toh ka tsira da su, amma ranar da had-dis ya mutu sai ka koma ka yi instolin Windows daga farko, ka nemo direbobi, ka sake saka Office da manhajar firinta da duk wani setin da ka daɗe kana gyarawa, ga data da za ta ƙone wajen ofdet. Shi imej gaba ɗaya had-dis ɗin yake ɗaukewa, har da ƙananan fatishan ɗin nan, wato sassan da aka raba dis, da ba ka gani waɗanda kwamfuta ke tashi da su, ya dunƙule maka a waje ɗaya, in ka mayar da shi kwamfutar ta dawo daidai yadda take ranar da ka ɗauka har hoton fuskar allo.

Ni abin da ya sa na shiga harkar, laftof ɗina HP ce tsohuwa mai had-dis giga 500 irin mai juyawa, na sayo SSD, sabon nau'in dis marar juyawa, mai giga 256 zan canza mata, sai na ce bari in yi amfani da damar in gwada manhajojin da ake ta ambata tunda ga sabon dis babu komai a kai, ko na lalata ba asara.

Na fara da na cikin Windows ɗin kansa, wanda ke ɓoye a Control Panel da suna Backup and Restore (Windows 7). Yana aiki, yana ƙirƙirar folda WindowsImageBackup a estanal ɗinka, ba sai ka sauke komai ba. Amma Microsoft da kansu tun 2017 suka sa shi cikin jerin abubuwan da suka daina ci gaba da ginawa, har suka ce a nemi na wasu kamfanoni. Toh wanda mai shi ya ce ka nemi wani, ni ban ga dalilin jingina da shi ba. Na wuce.

Sai Clonezilla, wadda masu gyaran kwamfuta suka fi sani tun bayan da aka daina tsohuwar manhajar imej ta Norton Ghost a 2013. Kyauta ce gaba ɗaya, daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta Taiwan ta fito, kuma ba a cikin Windows take aiki ba, sai ka sa ta a filashi ka kashe kwamfuta ka tashe ta daga filashin, a HP F9 ake dannawa, Dell da Lenovo galibi F12. Abin da zai tarbe ka allo ne shuɗi mai rubutu zalla, babu linzami, kibiya da Enter kawai, tana ta jero maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ta san wani C ko D ba, sda da sdb za ka gani, ko nvme0n1 in sabon SSD ne, don haka dole ka karanta girman dis da sunan kamfaninsa da ke gefe kafin ka zaɓa, saboda wajen mayarwa duk wanda ka nuna mata shi za ta shafe. Sau biyu take tambayarka ka tabbata, ka danna y, ta sake tambaya, ka sake danna y. Wallahi a na biyun nan sai da na cire hannu daga kibod na sake karanta layin a hankali kamar mai duba lambar akawun kafin ya tura kuɗi.

Aikinta dai ba wasa. Wajen da ke da kaya kawai take kwafa, ba ta ɗaukar fili, sannan ta matse, shi ya sa imej ɗin ya fito ƙasa da abin da ke kan dis ɗin sosai. Inda take da iyaka, kuma su ma sun rubuta a shafinsu ba ɓoyewa suka yi ba: fatishan ɗin da za ka mayar a kai dole ya kai girman na asali ko ya fi shi, ba ta ɗaukar ƙarin abin da ya canza kawai sai dai ka sake ɗaukar duka, kuma ba ka iya buɗe imej ɗin haka kawai ka zaro fayil ɗaya. Na farkon shi ya shafe ni kai tsaye tunda daga 500 zan sauka 256. Mafita ita ce ka fara shiga Disk Management ka rage girman C ya koma ƙasa da sabon dis ɗin, sannan ka ɗauki imej, wajen mayarwa ka bi ta ɓangaren ƙwararru ka kunna zaɓin -icds don kada ta tsaya auna girman dis. Ana yi, amma ba aikin da zan ba ƙanwata a waya ba ne.

Rescuezilla ita ce ta ba ni mamaki. Ita ma filashi ce, ita ma kyauta, a kan Ubuntu aka gina ta, amma da linzami da manyan maɓallai, Backup ga shi Restore ga shi, kuma tsarin imej ɗinta iri ɗaya ne da na Clonezilla, wanda ka ɗauka da waccan za ka iya mayarwa da wannan. Na gwada hakan da kaina, imej ɗin da Clonezilla ta yi na mayar da shi kan SSD ta hanyar Rescuezilla, na cire filashi, kwamfuta ta tashi lafiya lau. Har GParted akwai a ciki na gyaran girman fatishan, da wani Image Explorer na leƙa cikin imej, duk da in imej ɗin matsattse ne sai ka yi haƙuri don yana ɗaukar lokaci.

Matsalar su biyun ɗaya ce, sai ka kashe aikinka, ka nemo filashi, ka zauna kana kallo. Mutum zai yi yau, ya ce sai wani watan, shi ke nan an manta. Nan ne masu aiki a cikin Windows suka fi, don suna ɗaukar imej kana tsaka da aikinka ta hanyar wani tsarin Windows da ake kira VSS, kuma kana iya sa musu lokaci.

A wannan layin Macrium Reflect ce kowa ke yabo, ta wani kamfanin Ingila, kuma gaskiya ta cancanta. Ka danna imej sau biyu ya buɗe kamar wani dis da harafinsa, ka shiga ka ɗauko takarda ɗaya ka fita. Wajen mayarwa kana jan fatishan da linzami ka rage shi ya shiga ƙaramin dis, wato abin da na sha zagaye a kai a Clonezilla nan minti kaɗan ne. Sai dai sun yi ritayar ta kyautar, gyaran tsaro na ƙarshe ya tsaya a farkon Janairun 2024, sabuwar kuma biya ake duk shekara. Acronis True Image ma ta kuɗi ce, da tsarin biyan shekara-shekara, ga ta da kaya da yawa har da riga-kafin bairos a ciki. Wanda ke biya da katin naira ya san abin da kuɗin shekara a dala ke nufi. Amma ga wani abu da ba kowa ya sani ba, in dis ɗinka na kamfanin WD ne ko Crucial, suna ba da Acronis ta musamman kyauta a shafinsu, an rage mata wasu abubuwa amma tana kwafe dis zuwa dis.

Akwai wasu biyu na kyauta da ke fitowa a sama in ka yi bincike a Google, ba zan kama suna ba, suna aiki kam, amma duk maɓallin da na ga ya yi min sai ya ce sai na biya, ga tallan ragi na faɗowa kullum. Na cire su.

Wadda na bari a kwamfutar ita ce Veeam Agent ta kyauta. Sai ka yi rajista kafin ka sauke, fayil ɗin ma da ɗan nauyi gara ka samu wayfay, kuma aiki ɗaya tak take bari ka tsara, amma ni ɗayan nake buƙata. Karon farko ta ɗauki duka, daga nan abin da ya canza kawai take ƙarawa. Abin da ya fi burge ni, za ka iya ce mata ta fara da zarar ka jona estanal, in ta gama ta cire shi da kanta, ka zare ka jefa a durowa. Estanal ɗin da ke jone kullum ai in bairos mai kulle fayil ya shigo har shi zai haɗa.

Yanzu abin da na koya wanda ya fi zaɓen manhajar ma muhimmanci. Kowacce a cikinsu tana da filashin ceto da za ka haɗa, kuma shi ne zai yi aiki ranar da Windows ta ƙi tashi, don haka ka haɗa shi yau ka tashi kwamfutar da shi ka ga ko yana ganin dis ɗinka da estanal ɗinka. Na gwada wani filashin a sabuwar laftof ɗin abokina, ya tashi tsaf amma SSD ɗin babu shi a jeri sam, ashe direban Intel RST, wanda ke sa a ga dis ɗin, ne babu a ciki, irin abin da ke faruwa da sababbin laftof. Da ranar tsiya aka gano wannan fa? Sannan kada ka tsallake tantance imej bayan an gama, ko da zai ƙara lokaci, musamman mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama, ka tabbata batir a cike yake kafin ka fara, in kuma destof ce toh UPS ko a tada janareta.

Sai BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan dis. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna zuwa da dis a kulle ba tare da mai ita ya sani ba. Clonezilla da Rescuezilla ba sa iya gane ina kaya ina fili a kullallen dis, sai su kwafe shi duka, imej ya kumbura ya kusa girman dis ɗin. Masu aiki a cikin Windows ba su da wannan damuwar tunda a buɗe suke ganinsa. Ko ma wacce za ka bi, ka shiga akawun ɗinka na Microsoft ka kwafo lambar ceton BitLocker mai lambobi 48 ka rubuta a takarda, kar ka ajiye ta a cikin kwamfutar da take buɗewa.

Tsarina yanzu Veeam duk ƙarshen mako a estanal ɗaya, Rescuezilla kuma kafin duk wani babban ofdet a wani estanal daban da nake ajiyewa a gidan yayana. Filashin ceton duka biyun suna kan filashi ɗaya mai giga 16 da na haɗa da Ventoy, manhajar da ke bari filashi ɗaya ya ɗauki irinsu da yawa, na manna masa farin tef na rubuta kar a taɓa, don yaran gidan nan duk filashin da suka gani na zuba fim ne.