Lauyan kyauta a kotun shige da fice ta Amurka: wa ke samu, wa ke rasawa

Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda aka gurfanar gaban alƙali a Amurka, in ba shi da kuɗi, gwamnati za ta ɗaukar masa lauya. Haka ne a shari'ar laifi, tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1963 a ƙarar Gideon. Amma shari'ar korar baƙo ba a lissafa ta cikin shari'un laifi. Dokar shige da fice ta ce kana da damar zuwa da lauya, sai dai ba da kuɗin gwamnati ba. Ranar zama, ga alƙali, ga lauyan ICE, hukumar da ke kama baƙi da korarsu, da fayil ɗinka a gabansa, kai kuwa daga kai sai tafinta. Tafinta kyauta ne, har na Hausa ana nemowa, amma aikinsa fassara, ba ya ba ka shawara.

Wani bincike da ya duba shari'un 2007 zuwa 2012 ya gano kashi 37 cikin ɗari ne kawai ke da lauya, a cikin waɗanda ke tsare kuwa kashi 14. Wannan giɓin ne birnin New York ya fara cikewa a 2013, lokacin da majalisar birnin ta ware dala 500,000 aka gwada shirin ba baƙin da ke tsare lauya kyauta, wanda ake kira NYIFUP, a kotun shige da fice ta titin Varick. Ƙa'idarsa ba ta da sarƙaƙiya: in kana tsare, ba ka da lauya, kuma abin da gidanka ke samu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba, za a ba ka lauya. Ba a tankaɗe shari'u a zaɓi masu alamar nasara, kuma a ganina nan ne ƙarfin shirin yake, domin sau da yawa sai lauya ya tona kafin a san mutum yana da hujja. Ƙungiyoyin Bronx Defenders da Brooklyn Defender Services da Legal Aid Society ke gudanar da aikin. A 2017 cibiyar bincike ta Vera ta ƙiyasta cewa kashi 48 na masu wannan lauya za su yi nasara, alhali marasa lauya a kotun kashi 4 ne. A shekarar ce jihar ta faɗaɗa shirin zuwa sauran kotunanta. Kalifoniya da wasu birane sun kafa nasu asusun, kowa da sharuɗɗansa.

Me lauyan ke yi? Rabin aikin tsare wa'adi ne. Shari'a tana farawa da takardar sammaci mai lamba I-862, wadda ke jero zarge-zargen gwamnati. A zaman farko, wanda ba ya wuce 'yan mintuna, alƙali zai tambaye ka ko ka amince da su. Wanda bai sani ba sai ya amsa da "e" daga farko har ƙarshe don a gama da wuri, ya sauke wa gwamnati nauyin kawo hujja. Lauya yakan musanta abin da ya kamata a musanta. Kai kuma in ba ka samu lauya ba tukuna, ka roƙi a ɗaga zaman ka nemo. Neman mafaka da fom I-589 ake yi, cikin shekara ɗaya da shigowa ƙasar, in ba da wani uzuri da doka ta yarda da shi ba. Wanda ya shekara 10 a ƙasar ba takarda yana iya neman a soke korar da fom EOIR-42B, amma sai ya nuna cewa tafiyarsa za ta jefa mata ko miji, ɗa, ko mahaifi mai takardar ɗan ƙasa ko ta zaman dindindin cikin wahalar da ta wuce misali. Kewa da rashin mai ciyarwa kaɗai ba su cika isa ba. Takardun asibiti da na makaranta ake so. Mutum 4,000 kacal ake ba wa a shekara.

Abin da ya fi cin mutanenmu na unguwannin Bronx da Harlem a New York, 'yan Ghana da Nijar da Najeriya, shi ne adireshi. Baƙo yakan ba da adireshin wanda ya sauke shi, bayan wata biyu ya koma wani ɗaki, takardar kotu ta je tsohon gida ta kwanta. Doka ta ce a sanar da kotu cikin kwana 5 da fom EOIR-33, kuma sanar da ICE bai wadatar ba, ofisoshin daban ne. Ka rasa zama ɗaya, alƙali ya yanke hukuncin kora ba ka nan. Buɗe shari'ar kuma sai da ƙwaƙƙwaran uzuri cikin kwana 180, ko ka tabbatar sammacin bai same ka ba. Sai takardun gida: takardar haihuwa ta Faransanci ko wasiƙar Hausa ba ta karɓuwa sai da fassarar Turanci da shaidar wanda ya fassara. Sunan da aka rubuta Mahamadou a fasfo, Muhammadu a wata takarda, lauyan gwamnati zai tsaya a kai, gara a yi bayaninsa tun da wuri.

Shirin yana da rauni babba: kuɗin na birni ne ko jiha, tsarewar kuwa ta tarayya ce. ICE na iya kama mutum a New York, kafin dangi su farga an kai shi Luwiziyana ko Tekzas, inda babu irin wannan asusu. Don haka iyali su riƙe lambarsa ta baƙo, mai fara da harafin A. Da ita da ƙasar haihuwa ake nemo inda yake a shafin ICE, da ita lauya zai fara komai. Beli, in alƙali yana da ikon bayarwa, ba ya gaza dala 1,500. Wanda ba a tsare ba kuma yawanci layin jira zai shiga, don lauyoyin sun yi kaɗan.

A wannan jiran ne masu cika fom a bayan shago ke samun kasuwa. Su ba sa iya tsaya maka a kotu; lauya mai lasisi ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta tantance ne ke iyawa. Labarin mafaka na haya, wanda aka sayar wa mutum goma, alƙalai sun san shi, kuma in aka yanke cewa da gangan ka ƙirƙira, an rufe maka ƙofar samun takarda har abada. Kotu tana ba da jerin masu aikin kyauta na yankinta a zaman farko. Ka karɓa, ka kira su duka a ranar, ka rubuta wanda ka kira da lokacin, domin wannan rubutun za ka nuna wa alƙali in kana neman ƙarin lokaci.