Kwalarar 2021 da jarkokin 'yan garuwa

Daminar 2021 ta same mu da korona cike da kai. Tun da aka rufe Daura a Afrilun 2020 bayan rasuwar wani likita, abin da muka ƙware a kai shi ne kulle gari, rabon takunkumi da auna zafin jiki a tasha. Sai ga amai da gudawa ya shigo Katsina, kuma kwalara ba ruwanta da kulle, ta randa take shiga gida. A shekarar, sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu.

Ni duba-gari ne. Tsarin da aka miƙo mana daga sama shi ne mu bi rijiyoyi muna zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Mun bi, daga wajen Ƙofar Marusa har Sabuwar Unguwa. Rijiya ta gyaru, amma marasa lafiya ba su ragu ba, kullum ana shigowa da yara idanu sun faɗa, a ɗaura musu ruwa.

Wadda ta gano bakin zaren wata baiwar Allah ce cikin matan da ke bi gida-gida don rigakafin shan inna. Ta ce min, "Malam, gidajen nan ai ba rijiya suke sha ba, 'yan garuwa ke kawo musu." Jarka ɗaya ta ɗebo a nan ta ɗebo a can, ba a wanke cikinta, murfin leda ne, hannun da ya taɓa komai shi ke toshe bakinta. Har yau in na tuna makonnin da aka ɓata a bakin rijiya raina yana ɓaci, don yaran da aka rasa a lokacin ba su dawowa. Tsarin gaba ɗaya bai ambaci ɗan garuwa ko sau ɗaya ba.

Da muka juya, ta hannun masu unguwanni muka tara su a inda suke ɗiban ruwa, ana wanke jarkoki ana ɗiga maganin kafin kura ta tashi. Wasu sun ƙi da farko, wai masu saye na ƙorafin wari, sai da limamai suka yi magana. Matan shan inna kuma suka shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga, suna koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1 ta tafasasshen ruwa. Su suka san gidan da ake ɓoye mara lafiya.

Duk wanda za a ba wannan aiki, kafin ya zauna taron kwamiti ya nemi matan nan, ya rubuta sunayen 'yan garuwan unguwarsa da inda kowa ke ɗiba. Kulorin kuma ya kasance a sito tun watan Mayu, kafin ruwan farko ya cika kwatoci.