Na Je Kano Neman Tsaunin da Ya Ƙaura Kudu

Shekaranjiya na dawo daga Kano, har yanzu ƙurar Unguwa Uku ba ta gama fita daga jakata ba. Abin da ya kai ni, wata duniya ce da nake ƙerawa a wasan kwamfuta na harba roka mai suna Kerbal Space Program, da manhajar Kopernicus wadda ake ƙara wa wasan sababbin duniyoyi da ita: na zana tsauni a arewa, sai ya fito a kudu. Aka ce akwai wani mai gyaran kwamfuta a Titin Beirut da ya san kan abin.

Mai adaidaita yana jin bakina na Zagezagi ya ninka kuɗi, wai man fetur ya yi tsada. A Zariya da mun yi ta ja-in-ja, amma shi ko kallona bai yi ba, ya ce in ba zan hau ba in matsa.

Mai shagon kuwa sai da ya sa aka kawo min gurasa da ruwan sanyi kafin ya taɓa kwamfutar. Ya buɗe hoton taswirar duniyar tawa, ɗigo 4096 a faɗi, 2048 a tsawo. "Malam, faɗin nan digiri 360 ne, tsawon 180. Raba ka gani." Kowane ɗigo ya tashi kusan digiri 0.088. Tunda duniyar tawa girman Kerbin gare ta, wato duniyar da ake fara wasan a cikinta, kilomita 600 daga cibiya zuwa doron ƙasa, digiri ɗaya kilomita 10.5 ne kawai, ba 111 irin na duniyarmu ba. Ke nan ɗigo ɗaya a tsakiyar taswira kusan mita 920 ne, yana kuma tsukewa in ka doshi ƙuryar arewa ko ta kudu. Kowane wuri lamba biyu gare shi: latitud, mai auna arewa da kudu, da longitud, mai auna gabas da yamma. Alamar debewa tana nufin kudu a latitud, yamma a longitud. Kano tana wajen 12 da 8.5, duk babu debewa. Filin harba roka na wasan yana wajen -0.1 da -74.6.

Batun tsaunina cikin minti biyu ya ƙare. Wasan yana karanta hoton DDS, wato nau'in fayil ɗin da na adana taswirar a ciki, a kife, dole ka juya shi sama zuwa ƙasa kafin ka adana. Dabararsa ita ce ya ɗiga ja a inda ya san lambobinsa, ya shiga wasan ya duba inda jan ya faɗo, kafin ya ɓata lokaci kan zane.

Ya kuma kamo kuskure biyu da ban sani ba. A semiMajorAxis, gurbin da ake sa nisan wata daga duniyar da yake zagayawa, mita ake rubutawa, kuma daga cibiya ake aunawa, don haka kilomita 100 sama da doron ƙasa 700000 ne. Ka rubuta 100000, watanka ya nutse cikin duniyar. Shi kuma meanAnomalyAtEpoch, gurbin da ke nuna inda watan zai fara zagayensa, da ma'aunin radiyan yake aiki maimakon digiri, rabin zagaye 3.14 ne, ba 180 ba. Ginin kuma da na yi a manhajar zane ta Blender da ya kwanta a gefe a cikin wasan, dalili shi ne can layin Z ne ke nuna sama, a Unity kuwa, manhajar da aka gina wasan da ita, layin Y ne.

Ya ƙi karɓar ko sisi. Maƙwabcinsa ne ya fanshe, ya sayar min da linzamin kwamfuta a farashin da ya sa na yi salati. Dala daga nesa na hango ta. Motar dawowa ta tsaya sau biyu kafin Kwanar Dangora, mun shiga Zariya bayan isha'i.