Motar Haya a Ƙofar Gidana

Ranar da likita ta tabbatar mana uwargida na ɗauke da cikin na huɗu, muna fitowa daga asibiti ta tsaya a bayan tsohuwar Corolla ɗinmu, ta leƙa kujerar baya ta taga, ta ce, "Malam, to wannan kuma a ina za mu sa shi?" Na yi dariya. A raina na ce yaro ai a cinya ake riƙe shi, haka aka riƙe mu, haka muka riƙe ƙannenmu daga Kano har ƙauye, mu tara a cikin Fijo, kuma ba wanda ya mutu. Ita ba ta yi dariya ba, don ta riga ni gane garin da muke.

A jihar Ohayo ta Amurka, inda muke zaune a birnin Kolombus, ƙirga kai ake yi. Mutum ɗaya, kujera ɗaya, bel ɗaya. Yaron da bai kai shekara 4 ba, ko nauyinsa bai kai fam 40 ba, dole a ɗaure shi cikin kujerarsa ta musamman. Wanda ya wuce nan amma bai cika shekara 8 ba, sai an ɗora shi kan wata 'yar kujera mai ƙara tsawo, sai fa idan tsayinsa ya kai ƙafa 4 da inci 9. Jariri kuwa, tun a asibiti ma'aikatan jinya za su tambaye ka ina kujerarsa kafin a sallame ku. Yaranmu a lokacin shekara 9, 6 da 3. Kujerar baya ta riga ta cika maƙil, babban yana matse a tsakiya kamar kifin gwangwani. Mu shida ke nan nan da watanni, mota kuma mai cin mutum biyar. Ba ɗan sandan da zai saurari "yallaɓai a yi haƙuri, nan kusa za mu."

Kuma a Kolombus rashin mota ba ƙaramin abu ba ne. Akwai bas ta gwamnati, amma ba Keke Napep a bakin layi, ba ɗan acaɓa. Masallaci da nisa, kantin da ake samun naman halal da garin masara da manja da nisa, makarantar yara da nisa. Ga sanyin Janairu da ke sa hancin mutum ya daskare kafin bas ta iso.

Ni dai jif nake so. Gaskiyar ke nan. Na shekara uku a ƙasar nan, hotunan da nake turawa gida duk a gaban ɗakin karatu ne ko cikin dusar ƙanƙara, ina son ko sau ɗaya in jingina da wata doguwar baƙar mota. Da wani abokina ya ce in nemi Sienna, har raina ya ɓaci. Sienna fa? Motar da na sha shiga a tashoshin titin Zariya, 'yan kamasho na ihun "Abuja mutum ɗaya," an cusa mu a kujerar ƙarshe gwiwa na taɓa haɓa, buhun wani yana danna mini ƙeya har Zuba? In tsallako teku in zo in sayi motar haya?

Uwargida ce ta kashe maganar, kuma ba da baki ba. Wata Asabar muka je wurin masu sayar da tsofaffin motoci da ke jere a titin Morse, ta ce in ɗauko kujerun yaran daga Corolla. Muka gwada a wata jif mai layi uku. Kafin babban ya shiga layin ƙarshe sai an kwantar da kujerar tsakiya, ita kuma kujerar tsakiya an ɗaure ta yaro a kanta, sai an kwance. Bayan layin ƙarshen kuwa, wurin kaya ko buhun shinkafa da keken jariri ba zai ɗauka tare ba. Muka koma kan wata mai ƙofar zugewa. Ƙofa ta ja baya, ɗan shekara 3 ya taka da ƙafarsa ya shiga don ƙasan motar ba tudu, babban ya wuce baya abinsa. Ta ce, "Ka tuna ranar da wannan ya buɗe ƙofa ya daki motar Baturen nan a wurin fakin?" Na tuna. Har yau ina jin ƙarar a kunnena. Ƙofar zugewa ba ta dukan motar kowa.

Daga nan sai maganar sabuwa ko tsohuwa, wadda ba ta daɗe ba. Farkon 2022 ne, lokacin da ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci ya rage ƙera sababbi, farashin tsofaffi ya yi tashin gwauron zabi. Sabuwar Sienna, wadda tun daga ƙirar 2021 duk mai haɗa fetur da batir ce, a lokacin tana farawa ne daga wajen dala 35,000, kuma ko da kuɗinka a hannu sai ka shiga layi. Ba ta shan mai, galan ɗaya ya kai ta mil 36, tsohuwar kuwa 18 a cikin gari. Na yi lissafin nan a takarda har sau uku, ina fatan ya ba ni dalilin sayen sabuwa. Bai ba ni ba.

Wani mai sayarwa, mai fara'a kamar ya san kakana, bai taɓa faɗa mini kuɗin mota ba. Tambayarsa ɗaya: nawa za ka iya biya a wata? Nan ne tarkon yake. A ƙasar nan kowa na da makin da ke nuna yadda yake biyan bashi, daga 300 zuwa 850, kuma baƙo irina da bai taɓa cin bashin banki ba ba shi da tarihin kirki. Abin da a gida ake yaba mutum da shi, cewa wane ba ya cin bashi, a nan shi ne aibinsa. Ya buga kwamfuta ya fito mini da biyan wata 72, da kuɗin ruwan da na haɗa na ga ya isa sayen wata ƙaramar motar. Ko ba don lissafi ba, ga maganar riba. Na san 'yan uwa a nan da suka karɓa suna cewa larura ce, ban isa in yanke musu hukunci ba, wasu aikin da suke ci da iyali da shi ya dogara da motar. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Muna da adashi mu goma, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, na roƙi a matso da kwasata gaba. Da ita, da ɗan abin da muka tara, da abin da Corolla za ta kawo, muka tsaya kan dala 12,000, ko sisi ba ƙari.

Wanda ya cece ni wani dattijon bakanike ne ɗan Zangon Kumasi, da ya koyi aiki a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, tun yana yaro, ya shekara fiye da ashirin a Amurka. Baba muke ce masa. Hausarsa irin ta Gana ce, komai namiji ne a bakinsa, mace ma "ya zo" ce. Ya zaunar da ni kan wata tsohuwar taya a garejinsa ya jera mini motoci masu ƙofar zugewa. Grand Caravan ta fi araha, kujerunta na ninkewa su shige cikin ƙasan motar ta zama kamar akori-kura, an daina ƙera ta a 2020 amma kayan gyaranta ko'ina akwai. Odyssey ta fi daɗin tuƙi, sai dai injinta bel ne ke haɗa shi ba sarƙa ba, ana canja shi wajen mil 105,000, don haka duk wadda ta wuce nan sai in ga rasit, in babu in cire kuɗin aikin daga ciniki. Sienna sarƙa ce da ita. Akwai mai jan ƙafa huɗu saboda ƙanƙara, amma tsohuwar ƙirarta ba ta zuwa da safaya, tayoyinta na musamman ne masu tsada, kuma mutum bakwai take ci. "Kolombus ba dutse," in ji shi. "Sayi taya mai kyau, ka bar ƙafa huɗu."

Sannan ya faɗi abin da ban taɓa tunani ba. "Malam, kai fenti kake dubawa. A nan mota daga ƙasa yake mutuwa."

Gishiri yake nufi. Duk hunturu manyan motocin gwamnati na bin tituna suna watsa gishiri don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuma ya manne a ƙarƙashin mota yana cin ƙarfe a hankali. Mu da muka tashi inda ƙura da zafi da ramuka ke kashe mota, ba mu san wannan ciwon ba. Har kamfanin Toyota sai da ya yi kiranyen tsofaffin Sienna a 2010 a jihohin sanyi, saboda tsatsa na cinye wayar da ke riƙe safaya a ƙarƙashin motar.

Ta farko da na kai masa, na riga na ba ta zuciyata. Fara ce fes, kujerun fata, ga talabijin a rufi, mai ita yana neman dala 9,500 kawai, yana cewa sauri yake zai bar gari. Baba ya ɗaga ta sama, ya ɗauki tocila da sukundireba, ya kira ni. Ya soki wani ƙarfe kusa da tayar baya, sukundireban ya shige kamar cikin gurasa, garin tsatsa ja ya zubo mini a hula. Bai ce komai ba, ya sauke ta. Ta biyu ƙasanta lafiya, amma da muka sa lambar jikinta, mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, muka biya aka fito mana da tarihinta, sai ga shi kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin ta tashi daga aiki bayan haɗari, aka saye ta a gwanjo aka gyara. Mai ita bai ga dalilin faɗa mini ba. Ina kallon takardar nan sai na tuna motocin da muke rububi a gida muna cewa 'yar Kwatano ce, ba a taɓa hawa a Najeriya ba. Da yawansu daga irin wannan gwanjon suke fitowa, wasu ma ambaliya ce ta shanye su. Allah kaɗai ya san tarihin waɗanda na shiga zuwa Abuja.

Mako biyar muna wannan yawon, cikin uwargida na ƙara girma, haƙurinta na raguwa. Ta huɗu ce ta zama rabonmu, a wajen wasu tsofaffi mata da miji a bayan gari, jikokinsu sun girma. Sienna ƙirar 2013, ruwan toka, mai cin mutum takwas, ta yi mil 148,000, wato kusan kilomita 238,000. A gida in ka ji wannan adadin sai ka juya, in ma ba a mayar da agogon baya ba. Tsohon ya fito da wata jaka cike da rasit, kowane juyen baƙin mai da kwanan watansa, shekara tara. Sun zauna a Tenesi yawancin shekarun, inda ba a cika watsa gishiri ba. Akwai lotsawa a ƙofar baya, kujera ɗaya da tabon da har yau ban san na mene ne ba, rediyon kuma sai an ɗan dake shi. Baba ya leƙa ƙasanta, ya zaro sandar mai ya shinshina, ya tuƙa ta a babban titi yana sauraron yadda giya ke canjawa, ya zuge ƙofofin sau goma-goma. Ya ce birki na gaba ya kusa, tayoyi biyu sun suɗe. "Amma mota nan, ya yi."

Na so in yi ciniki irin na Kantin Kwari, in taya rabi in yi kamar zan tafi. Baba ya taka mini ƙafa. Ya nuna wa tsohon lissafin birki da taya, tsohon ya duba ya rage dala 600, muka tsaya kan 10,900. Minti uku aka gama. Har na ji kamar an cuce ni daɗin cinikin.

Ashe da sauran rina a kaba. A Ohayo mai sayarwa ba ya miƙa maka takardar mallaka haka kawai, sai ya sa hannu a gaban jami'in shaida mai hatimi, don haka muka ɗunguma da tsohon zuwa bankinsa. A ofishin canja suna aka ce in biya harajin saye, kashi 7.5 cikin ɗari a gundumarmu a lokacin, sama da dala 800 da ban sa a lissafi ba, don na ɗauka cinikin hannu da hannu ba ruwan gwamnati. Ga kuɗin lamba, ga inshora wadda ba a hawa titi sai da ita, kuma ta gaske ce, ba irin takardar da muke ajiyewa don nuna wa jami'an hanya ba. Birki da taya suka cinye ragowar har da ɗan bashin da Baba ya ce in kawo a hankali. Watan nan taliya da wake suka san mu. A watan Yuni kuma galan ɗin fetur ya kai dala 5, na riƙa tuna sabuwar nan mai batir duk sanda na tsaya a gidan mai.

Jaririyar ta zo ana saura kwana tara azumi ya ƙare. Ranar ƙaramar Sallah, 2 ga Mayu, muka fita Idi, uwargida na gida da jego, sai na kwashi yaran da wani maƙwabcinmu ɗan Maraɗi da 'ya'yansa biyu. A filin fakin na tsaya ina neman inda na ajiye ta, na danna makulli ina sauraro, don layin gaba ɗaya irinta ne, na Somaliyawa da 'yan Gini da 'yan Senegal, ruwan toka da fari da ruwan toka. Sai da na ja ƙofar motar wani sau biyu.

Da yamma na tura hoton a zauren gidanmu na WhatsApp, yaran sun jeru a gabanta da kayan Sallah. Yayana ne ya fara amsawa, da saƙon murya, ina jin dariyar matarsa a bayansa: "Masha Allah, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya. To yanzu lodin ina kake yi, Kaduna ko Abuja? Kuma don Allah idan kun gama da ita kar ka sayar wa kowa, ka sa ta a jirgin ruwa, ina da direba."