Abin da dokar allurar korona ta koya mini a gidan tsofaffi

Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila tun kafin korona ta ɓullo. A watannin farko na 2020 an hana ziyara, mu ne muke kara wa tsoho waya a kunne, bakinmu rufe da takunkumi, 'ya'yansa na yi masa bankwana. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafi a Disambar 2020, aka sa mazauna gidajen tsofaffi da masu kula da su a sahun gaba, ban yi wata-wata ba na miƙa damtse.

Da gwamnati ta ce daga 11 ga Nuwamba 2021 ma'aikacin da bai yi allura biyu ba, ba zai taka ƙofar gidan ba sai mai uzurin likita, na ji daɗi ƙwarai. A raina na ce duk wanda ya ƙi, ya kama gabansa.

Wata ƙanwata a wurin aiki, 'yar garinmu Kano, ita ta fara sanyaya mini jiki. Muna aikin dare, ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Yaya, kin manta 1996?" Ban manta ba. A shekarar ce kamfanin Pfizer, ɗaya daga cikin masu haɗa allurar korona, ya gwada maganin Trovan a kan yara masu ciwon sanƙarau a Kano, yara 200 a cikin gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga shi tana neman haihuwa, saƙonnin WhatsApp kuma sun cika mata kunne cewa allurar tana hana ɗaukar ciki.

Takardun gargaɗin da shugabar gidan ta riƙa ba ta ba su motsa ta ba ko kaɗan. Abin da ya yi aiki shi ne zama. Dare uku muna magana, ban ce mata tsoronta shirme ba ne, domin ba shirme ba ne. Na raka ta wurin likitarta, ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, aka amsa mata ba tare da gatse ba. Ta yi allurar, kuma har yau muna tare.

Akwai wata kuma da ba wanda ya zauna da ita. Shekara da shekaru tana gidan. Wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, wadda ba ta gane 'ya'yan cikinta, ba ta karɓar cokali sai daga hannunta. Ranar da wa'adi ya cika, ma'aikaciyar ta kwashe kayanta ta koma aiki a wani babban kanti. Kwana huɗu ina kai cokali bakin tsohuwar nan tana kawar da kai, tana kallon ƙofa. Gwamnati da kanta ta yi ƙiyasin cewa ma'aikata kusan 40,000 za su iya barin aikin, amma ban ga an tanadi hannun da zai maye gurbinsu ba.

Har gobe ina ganin mai taɓa jikin tsoho ɗan shekara 90 ya kamata ya yi rigakafi. Abin da na daina yarda da shi shi ne a fara da barazana kafin a saurari mutum.

An shirya faɗaɗa dokar zuwa ma'aikatan asibitoci daga 1 ga Afrilu 2022. Ana saura kwana uku wa'adin allurar farko ya cika, ranar 31 ga Janairu, ministan lafiya na lokacin, Sajid Javid, ya ce za a janye, aka kuma soke har tamu a 15 ga Maris. Na kira abokiyar aikin nan tamu da ta koma kanti a waya, na ce ƙofa ta buɗe, ta dawo. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko tsohuwar tana cin abinci.