Cikin mutanen jirgin Mayflower waye ya isa a buɗe masa shafi?

Kwanakin baya na ɗauko aikin rubuta tarihin turawan Ingila da suka fara zama a Plymouth ta Amurka, a Wikipedia ta Hausa. Jirgin Mayflower da ya kawo su a 1620 mutum 102 ya ɗauko, kuma wajen rabinsu ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. To fa, kowa zan yi wa shafinsa ko yaya?

Mutum biyu ne suka warware min. John Howland da John Langmore, dukkansu barorin wasu fasinjoji ne a jirgin, Howland yaron John Carver, Langmore kuma yaron Christopher Martin. Shi Howland ana tsakiyar teku guguwa ta wurgo shi cikin ruwa, Allah ya sa ya cafko wata igiya da ke reto a jikin jirgin, ya riƙe ta gam har aka jawo shi da ƙugiya, kuma gwamnan Plymouth William Bradford da kansa ya rubuta labarin nan. Ya rayu har 1673, ya haifi 'ya'ya goma, ya riƙe muƙamai a garin, masana tarihi sun yi ta rubutu a kansa. Langmore kuwa suna ne kawai a jerin fasinjoji, ya zo, ya mutu a hunturun farko, shi ke nan.

Inda mutum zai iya ruɗewa shi ne shafukan masu neman asalin dangi, wallahi suna da yawa, sai ka ga wuri goma an ambaci mutum ka ce ai wannan sananne ne, kana dubawa sai ka tarar duk jeri ɗaya suke kwafowa, wasu ma jikokin jikoki ne ke wasa kakansu. Ambato daban, rubutu mai zurfi daga wanda ba shi da alaƙa da mutumin daban, kuma na biyun Wikipedia ke nema kafin a buɗe wa mutum shafi. Ko shi Howland, cewa da ake yi shugabannin Amurka Franklin Roosevelt da su Bush zuriyarsa ne ba shi ya ba shi shafi ba, shahara ba a gadonta, balle a ce jika ya ba kaka.

Kuma ba maganar wa ya yi abin kirki ba ce fa. Virginia Dare an haife ta ranar 18 ga Agusta 1587 a Roanoke, wani matsugunin turawan Ingila da ya riga Plymouth, ita ce 'yar turawan Ingila ta farko da aka haifa a Amurka, ta ɓace tare da mutanen garin gaba ɗaya, amma an yi ta rubutu a kanta ɗaruruwan shekaru, har gunduma aka sa wa sunanta a jihar North Carolina. Ta cancanta. Abin da ke ɗan ci min rai shi ne mutanen Wampanoag da turawan suka tarar a ƙasar, ƙalilan irin su Massasoit da Squanto ne suka shiga takarda, saboda alƙalamin a hannun baƙin yake.

Howland na buɗe masa shafi. Langmore na saka shi cikin jerin fasinjojin jirgin, layi ɗaya, sunansa da na maigidansa da lokacin da ya rasu, in wani ya nemi sunan kai tsaye can zai kai shi.